Soyayya da Raha a Silimar Faransa Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, da Yadda Ta Kewaye Damagaram

Gabatarwa

A ƙarshen shekarar 1924, wasu motoci takwas na kamfanin Citroën, masu taya a gaba da sarƙa a baya, suka ratsa ƙasar Nijar daga yamma zuwa gabas. Sun taso daga Colomb-Béchar ta ƙasar Aljeriya ran 28 ga watan Oktoba, suka keta hamada, suka biyo kogin Kwara zuwa Yamai, suka yada zango a Tasawa, kana suka shigo Damagaram, wadda a lokacin ita ce cibiyar mulkin Nasara a wannan ƙasa. A cikin ayarin akwai mai tsara fim Léon Poirier da mai ɗaukar hoto Georges Specht. Sun ɗauki mahaya da makaɗa, sun ɗauki Sarkin Tasawa Barmu da mutanen gidansa. A watan Maris na 1926 aka nuna fim ɗin a birnin Paris da sunan La Croisière noire. Wannan yana cikin haɗuwar farko tsakanin ƙasar Hausa ta Nijar da silimar Faransa, kuma a haɗuwar Bahaushe shi ne abin kallo, kujerun ƴan kallo kuwa suna can Paris.

Shekara huɗu bayan haka silimar Faransa ta buɗe baki ta fara magana, ta shiga wani zamani na kusan shekara goma wanda ya shahara da finafinan soyayya masu ban dariya. Wannan maƙala za ta bi tarihin waɗannan finafinai: waɗanda suka yi su, abin da suka faɗa game da aure, dalilin da ya sa suka kewaye ƙasar Damagaram a zamaninsu, da abin da malamin lakwal ko shugaban ƙungiyar al'adu a Sassumbrum, Magariya ko Dungas zai iya tsinta a cikinsu.

Lokacin da hoto ya fara magana

Fim mai magana ya bayyana a Amurka a 1927, ya iso Faransa a 1929. Da yake na'urorin ɗaukar murya na Jamusawa ne da Amurkawa, kamfanonin waɗannan ƙasashe su ne suka fara kafa manyan ɗakunan aiki a gefen Paris: Tobis na Jamus a Épinay, Paramount na Amurka a Joinville. Nan take gardama ta kaure tsakanin masu sana'ar. René Clair, wanda ya yi suna tun zamanin fim marar magana, yana tsoron kada surutu ya danne hoto, silima ta koma wasan dandamali da aka ɗauka a kyamara. Marcel Pagnol, marubucin wasan kwaikwayo, yana ganin akasin haka: a wurinsa na'urar murya wata dama ce ta kai wasan dandamali garuruwan da ƴan wasa ba za su taɓa zuwa ba. Sun daɗe suna musayar raddi a jaridu. Daga wannan gardama aka sami rassa biyu na finafinan soyayya da raha, kowanne da ɗanɗanonsa.

René Clair: soyayyar masu haya

Fim ɗin Clair na farko mai magana shi ne Sous les toits de Paris, wato ƙarƙashin rufin gidajen Paris, na 1930. Albert Préjean ya fito a matsayin mawaƙin titi mai sayar da takardun waƙa a unguwar talakawa. Ya kamu da son wata yarinya baƙuwa, Pola, sai aka kulle shi a kan kayan sata da wani ya ba shi ajiya. Kafin ya fito, yarinyar ta koma wajen amininsa. Ya haƙura, ya bar musu, ya koma waƙarsa. Mutanen Paris ba su yi ɗokin fim ɗin da farko ba. Sai da ya yi kasuwa a Berlin sannan sunansa ya zagaya duniya.

A 1931 Clair ya fitar da Le Million. Wani matashi mai zane, wanda bashi ya yi wa katutu, ya ci kuɗi miliyan guda a cacar tikiti, amma tikitin yana cikin aljihun tsohuwar kwat ɗinsa, budurwarsa kuma ta riga ta ba wani tsoho da ƴan sanda suke kora wannan kwat. Daga nan gari ya ɗauki gudu: saurayi, da amininsa mai son rabo, da ɓarayi, da ƴan sanda, da masu bin bashi, kowa yana bin riga ɗaya har cikin gidan waƙa na opera. Mahauci da mai kanti da mai gidan haya suna rera koke-kokensu tare kamar ƴan amshi. A 1933 ya ƙara da Quatorze Juillet, labarin direban tasi da maƙwabciyarsa mai tallar furanni, wadda Annabella ta fito a matsayinta, a daren bikin ƙasa na 14 ga Yuli.

Titunan da ake gani a waɗannan finafinai ba na gaske ba ne, Lazare Meerson ne ya gina su a cikin ɗakin aiki na Épinay. Amma damuwar mutanen da ke cikinsu ta gaske ce. Karayar arzikin da ta fara a Amurka a 1929 ta iso Faransa wajen 1931, masana'antu suna sallamar ma'aikata. Masoyan Clair ba su da gado, ba su da gida, kuɗin haya ne ke hana su barci. Duk inda saurayi da budurwa suka tsaya, akwai maƙwabta a taga suna leƙe.

Marcel Pagnol: aure maganar gari ce

An haifi Pagnol a Aubagne, kusa da Marseille, a 1895. Mahaifinsa malamin lakwal ne, shi ma ya koyar da Ingilishi kafin wasan kwaikwayo ya ɗauke shi. Wasansa Marius ya hau dandamali a Paris a 1929, aka mai da shi fim a 1931 a hannun Alexander Korda. Fanny ya biyo baya a 1932 a hannun Marc Allégret, sannan Pagnol da kansa ya rufe labarin da César a 1936.

Labarin bai da wuyar ganewa ga mutumin ƙasar Magariya. Marius ɗan César ne, mai mashaya a bakin tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Marseille. Yana son Fanny, mai sayar da kayan teku a ƙofar mashayar, amma zuciyarsa tana ga tafiya. Ya hau jirgi ya yi nisa, bai san ya bar ta da ciki ba. Mahaifiyarta Honorine, don gudun abin kunya, ta matsa a ɗaura mata aure da Panisse, attajiri mai ɗinkin filafilan jirgi, wanda matarsa ta rasu ba ta bar masa ɗa ba, kuma ya girme ta da shekara talatin. Panisse ya san gaskiyar magana, ya karɓi yaron da hannu biyu. Da Marius ya dawo yana neman matar da ɗan, mahaifinsa ne da kansa ya tare shi, ya nuna masa cewa wanda ya yi reno ya fi wanda ya haifa ya tafi haƙƙi. Sai bayan shekara ashirin, da Panisse ya rasu, masoyan suka sake haɗuwa.

Mai kallo yana dariya daga farko har ƙarshe, saboda faɗan tsofaffi wajen karta da cika baki irin na César, wanda Raimu ya fito a matsayinsa. Amma ƙashin bayan labarin shi ne saurayin da ya tafi neman duniya, da budurwar da aka bari, da attajirin da ke jira, da tsoron bakin mutane. Duk garin da samarinsa ke tafiya cin rani Kano ko Ikko ko Libiya ya san wannan labari ba tare da an fassara masa ba.

A La Femme du boulanger na 1938, matar mai burodin wani ƙauye ta gudu da makiyayi. Mijin, saboda baƙin ciki, ya kashe wutar gashi ya ce ba sauran burodi sai ta dawo. Da yunwa ta taɓa kowa, sai ƙauyen da ke fama da gaba ya haɗa kai. Malamin lakwal da limamin coci, waɗanda ba sa ga maciji, suka tafi biko tare, har malamin ya goya limamin a baya don su haye fadama. Da matar ta dawo, mijin bai ce mata uffan ba. Ya juya ga kyanwar gidan, wadda ita ma ta yi kwanaki ba a gan ta ba, ya zazzage mata duk abin da ke cikinsa, matar tana tsaye tana hawaye. Wannan shi ne habaici tsantsa, irin wanda uwargida ke yi wa kaza don amarya ta ji.

Akwai wani abu da ya fi labaran muhimmanci. Kafin Pagnol, karin harshen mutanen kudancin Faransa abin ba'a ne a dandamalin Paris, ana ba wawa ko maƙaryaci shi. Pagnol ya kafa kamfaninsa a 1932, ya gina ɗakunan aikinsa a Marseille, ya ɗauki ƴan wasa na yankin irin su Raimu, mutumin Toulon, da Fernandel, mutumin Marseille, ya fita da kyamara cikin duwatsun ƙasarsu. Pierre Fresnay, wanda ya fito a Marius, ba ɗan kudu ba ne, sai da ya je Marseille ya koyi yadda ake magana a can. Da wannan karin harshe da ake rainawa fim ɗin mai burodi ya ƙetare teku, masu sharhin silima na New York suka ba shi lambar fim ɗin waje mafi kyau a 1940.

Sacha Guitry da Danielle Darrieux: raha a gidan masu hali

Reshe na uku ya fito daga gidajen wasa na manyan titunan Paris. Sacha Guitry, wanda ya rubuta wasanni sama da 100, ya daɗe yana raina silima kafin ya rungume ta a 1935. Shi ke rubutawa, shi ke tsarawa, shi ke fitowa, sau da yawa tare da matarsa ta lokacin, Jacqueline Delubac. A Faisons un rêve na 1936, miji da mata da kwarto ne ke zagaya juna da ƙarya da zaƙin baki. A Désiré na 1937, boyin gida ne da uwargijiyarsa suka tsinci kansu suna mafarkin juna, amma da gari ya waye boyin ya tattara kayansa ya bar aikin, domin ya san katangar da ke tsakaninsu ba ta hauruwa. A gefe guda kuma Henri Decoin yana ɗaukaka tauraruwar Danielle Darrieux, wadda ta zama hoton budurwar zamani mai tsiwa da kaifin baki, kamar a Battement de cœur, wanda ya fito a farkon 1940.

Bai kamata tsiwar waɗannan mata ta ruɗi mai kallo na yau ba. Dokar Napoleon ta 1804 ta sa matar aure a Faransa ƙarƙashin ikon mijinta kamar yarinya ƙarama, kuma sai a watan Fabrairu na 1938 aka sassauta wannan. Matan Faransa ba su sami ƴancin jefa ƙuri'a ba sai 1944. Damar yin aiki da buɗe asusun banki ba da izinin miji ba kuwa sai 1965. Saboda haka macen da ke juya maza a fim ɗin Guitry da dabara take yi, domin doka ba ta ba ta wani makami ba. Wanda ya ɗauka cewa Turai ta daɗe da warware maganar aure da so, waɗannan finafinai da kansu za su gyara masa fahimta.

Gurbin baƙar fata a labarin

A cikin wannan zamani finafinai biyu sun ba baƙar mace babban matsayi, dukansu da Josephine Baker, Ba'amurkiyar da ta yi suna a Paris. A Zouzou na 1934, ita ce mai wanki da guga da ke son Jean, wato Jean Gabin, wanda suka tashi tare. Shi kuwa ƙawarta Baturiya yake so. Zouzou ta zama tauraruwa, amma fim ɗin ya ƙare tana waƙa ita kaɗai a cikin keji irin na tsuntsu. A Princesse Tam Tam na 1935, ita ce makiyayiya a Tunisiya wadda wani marubuci Bafaranshe ya shirya gabatar da ita a Paris a matsayin gimbiya don ya sa matarsa kishi. A ƙarshe ya koma wa matarsa, ita kuma tana ƙasarta. A wannan irin fim an saba rufewa da aure, amma da labari ya zo kan iyakar launin fata sai alƙalami ya tsaya.

Dalilin da ya sa suka kewaye Damagaram

Shekarar 1931, wadda mutanen Paris suka yi ta dariyar Le Million da Marius, ita ce shekarar da aka buɗe babban baje kolin ƙasashen mallaka a Vincennes, kuma ita ce shekarar da fara da ƙarancin ruwa suka jawo muguwar yunwa a yammacin Nijar, ga haraji da aikin tilas ba su tsaya ba. Aikin tilas bai ƙare a doka ba sai 1946. Talakan da ke cikin wannan hali ba shi ne aka yi wa silima ba.

Ban da wannan, hanyar fim zuwa Afirka ta Yamma tana hannun kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, waɗanda suka riƙe kasuwar har farkon shekarun 1970. Gidajen silimarsu suna manyan birane masu wutar lantarki da ma'aikatan gwamnati, irin su Dakar da Bamako da Abijan. A watan Maris na 1934 kuma aka fitar da dokar da ake kira dokar Laval, wadda ta sa ba mai ɗaukar fim a ƙasashen mallaka sai da izinin gwamna, bayan ya duba labarin. Da ita aka hukunta René Vautier saboda Afrique 50, kuma rashin izini ne ya sa Paulin Soumanou Vieyra da abokansa suka ɗauki Afrique-sur-Seine a Paris a 1955. Sannan ga shingen harshe. Fim ɗin Guitry ko na Pagnol duk daɗinsa a magana yake, alhali ko a 1960 yaran Nijar da ke lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba.

Fuskar ƙasar Magariya kuma kudu take kallo. Gyaɗarta ta Kano take bi zuwa jirgin ƙasa, fatake da ƴan cin rani da almajirai su ma can suke nufa. A Kano aka buɗe silimar Rex a 1937, motocin majigi na Turawan Ingila suna zagaya garuruwa, daga shekarun 1950 kuma ƴan kasuwa Kwarori suka fara shigo da finafinan Indiya. A nan ne Bahaushe ya ga labarin da ya yi kama da nasa: iyaye sun zaɓa, zuciya ta ƙi, ana waƙa ana kuka. Wannan hanya ce ta kai ga littattafan soyayya na ƙarshen shekarun 1980 da finafinan bidiyo na Kano da suka fara da Turmin Danya a 1990.

Abin da ya iso daga Paris game da aure a wancan zamani takardar doka ce. Ran 15 ga Yuni 1939, dokar Mandel ta hana aurar da yarinya ƙasa da shekara 14 da yaro ƙasa da 16 a ƙasashen mallaka na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ta kuma shar'anta yardar ango da amarya. A watan Satumba yaƙi ya ɓarke, zamanin waɗannan finafinai ya rufe.

Da ƴan ƙasa suka riƙe kyamara

Abin lura shi ne, da ƴan Nijar suka sami kyamara bayan 1960, maganar aure suka fara kamawa. Fim ɗin Moustapha Alassane na 1962 sunansa Aouré, wato aure. A 1972 ya fitar da F.V.V.A., inda ya yi wa ƙaramin ma'aikaci mai burin mata da gida da mota da kuɗi ba'a. A wannan shekara Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda, labarin Alhajin da ya auri budurwar da aka yi wa wani saurayi alkawari, ya ci babbar lambar FESPACO a Wagadugu, shi ne fim na farko da ya ci ta. Alhajin Ganda ɗan'uwan Panisse ne, sai dai Ganda bai rufe da dariya ba. A Damagaram kuwa, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta gidan rediyo, ƙarƙashin Yazi Dogo, wanda shi ma malamin lakwal ne kamar Pagnol, ta riƙa wasa da Hausa a kan sadaki da kishi da cin rani, ƙungiyoyin samariya na zamanin Seyni Kountché suna yin irin haka a garuruwa. Ba daga Pagnol suka koya ba. Matsala iri ɗaya ce ta sa su bin hanya iri ɗaya.

Kammalawa

A 2024 aka sauya wa cibiyar al'adun Faransa da Nijar ta Yamai suna zuwa na Moustapha Alassane, a 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. A irin wannan yanayi akwai masu ganin duk abin da ya fito daga Faransa ta zamanin mallaka a tattara a jingine. Tarihin da aka bi a sama ya nuna cewa akwai abin zargi: silimar da ta ɗauki Barmu a matsayin abin kallo, ta sa Zouzou a keji, ta zauna lafiya da dokar Laval. Ya kamata ɗalibi ya san wannan, kuma hanya mafi sauƙi ta sanar da shi ita ce a nuna masa finafinan.

Akwai kuma abin ɗauka. Malamin Faransanci zai sami harshen kasuwa da na cikin gida wanda littafin aji ba ya kawowa. Malamin Hausa zai iya ajiye maganar mai burodi da kyanwarsa kusa da darasin habaici da gugar zana, ya bar ɗalibai su gwada. Ƙungiyar wasan kwaikwayo kuma za ta ga mutumin da ya ƙi barin karin harshen garinsu don ya burge babban birni. Finafinan Hausa da ake kallo a wayoyi a Sassumbrum da Dungas galibinsu da bakin Kano suke magana. Labarin saurayin da ya tafi Libiya ya bar alkawari a baya yana nan a kowace unguwa, kuma mutanen da za su iya faɗarsa da Hausar Damagaram suna zaune a azuzuwa da dandalin garuruwan nan.